Ra'ayi: A Tambaya Kafin A Ɗura Wa Yaro Magani



Ina godiya ga masu shirya wannan mujalla tamu da suka ba ni fili in faɗi albarkacin bakina. Ni tsohuwar ɗalibar wannan makaranta ce. Waɗanda suka daɗe a nan za su tuna da wata yarinya mai sanduna biyu, wadda kullum take zama a bakin ƙofar aji, kuma kullum sai ta nemi izinin fita kafin a tashi. To, ni ce. A wancan lokaci kunya ba ta bar ni na gaya wa kowa dalili ba. Yau da girma ya zo na ga shirun ba shi da amfani, domin akwai ire-irena a gidaje da dama, wasu an ɓoye su a ƙuryar ɗaki, wasu kuma ana ta ɗura musu magani iri-iri har a ɗora musu wani ciwon a kan na da.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, yaron da aka haifa da irin ciwona zai iya girma, ya yi karatu, ya amfani kansa da jama'a. Abin da ya fi saurin katse masa hanzari shi ne maganin da masoyansa suke ba shi da kyakkyawar niyya, ba tare da sun tambayi wanda ya sani ba. Ga dalilaina.

Mene ne ciwon?

An haife ni da wani ƙullutu kamar ƙwan kaza a ƙasan gadon bayana. Likitoci suna kiran wannan lalura sifaina bifida, kalmar Latin ce, ma'anarta tsagaggen ƙashin baya. Yadda abin yake, a farkon halittar ɗan tayi akwai wani siririn kwararo da yake naɗewa ya rufe, daga gare shi ƙwaƙwalwa da laka suke samuwa. Wannan rufewa tana kammala ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, wato lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da cikin ba. Idan wani wuri bai rufe ba, sai ƙashin baya ya tashi da ɓaraka a nan. Wani ɓarakar tasa ƙarama ce, fata ta rufe ta, har ya tsufa bai sani ba. Wani kuwa jakar ruwa ce take leƙowa. Mafi tsanani shi ne wanda lakar da jijiyoyinta suke fitowa cikin jakar, kuma irin nawa ke nan.

Inna ta ba ni labari cewa ranar da aka haife ni kowa da abin da ya faɗa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ta fita da almuru ne ta tsallake wani abu. Wata tsohuwa ta ce a kira wanzami ya tsaga ƙullutun ruwan ya fita. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce ba mai taɓa ni da aska, ya ɗauke mu sai babban asibiti, aka yi mini aiki kwana uku da haihuwata. Da an tsaga, da wuya in kai yau, domin ruwan da ke cikin jakar shi ne wanda yake zagaya ƙwaƙwalwa, kuma ƙwayar cuta tana shiga ta nan sai sanƙarau. Saboda haka duk wanda ya ga jariri da irin wannan ƙullutu, kada a matsa, kada a shafa komai, kada a yi sakiya. A rufe da tsumma mai tsabta, a kwantar da shi rubda ciki ko ta gefe, a nufi asibiti a ranar. Likitoci sun fi son su rufe wurin cikin kwana biyu zuwa uku.

Jiki magayi, amma ban da nawa

Hausawa suna cewa jiki magayi. To mu, rabin jikinmu ba ya gaya mana komai. Jijiyoyin da suke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafafu da mafitsara da hanji sun sami rauni, don haka ƙaya za ta soke ni ban ji ba. Ina 'yar shekara bakwai Baba ya goyo ni a babur zuwa makarantar nan, ƙafata ta kwanta a kan salansa tun daga gida, ban sani ba sai da wata ɗaliba ta yi ihu ta nuna mini. Wata huɗu ana wanke wannan gyambo. Tun daga ranar Inna ta ɗora mini dokar duba tafin ƙafata da mazaunaina kowane dare, kuma ba na sa ƙafa cikin ruwan wanka sai na taɓa shi da hannu.

Amma babbar matsalar tana ciki, inda ido ba ya gani. Mafitsarar yaro irina ba ta juye fitsari duka. Sauran da ya kwanta yana tara ƙwayoyin cuta, wani lokaci kuma matsi ya sa ya koma sama ya riƙa cin ƙoda sannu a hankali, yaro yana wasansa ba wanda ya sani. A da, lalacewar ƙoda tana cikin manyan abubuwan da suke kashe masu wannan ciwo. A shekarar 1972 wani likita a Amurka mai suna Jack Lapides ya nuna cewa idan ana sa siririyar robar fitsari mai tsabta a juye mafitsara sau da yawa a yini, a cire, ana kare ƙoda. Wannan dabara ce ta raya da yawa daga cikinmu, kuma ita ce sirrin fitar da nake yi daga aji. Duk bayan kamar awa uku zuwa huɗu sai na je na yi.

Ku riƙe wannan magana ta ƙoda, domin a kanta zancen magani ya rataya. Yawancin abin da muka haɗiya, hanta da ƙoda ne suke tace shi. Yaron da ƙodarsa take ɗingishi tun asali, maganin da ɗan maƙwabta zai sha ya kwana lafiya, shi yana iya kai shi gadon asibiti.

Abin da ya same ni

Ina da shekara tara zazzaɓi ya kama ni, ga amai. Baba ya yi tafiya, kuɗi kuma babu a hannun Inna. Aka goya ni zuwa wurin wani mai kemis a unguwa wanda yake ba mu bashi. Bai tambayi komai game da bayana ba, mu ma ba mu faɗa ba. Ya ce maleriya ce da taifot, ya ɗora ni a kan allura safe da yamma, ya haɗa da ƙwayar kashe ciwo ta manya, ya ce a riƙa raba ta biyu. A kwana na biyar fuskata ta kumbura, fitsari ya ragu ƙwarai. Da aka kai ni asibiti sai gwaji ya nuna ba maleriya ba ce tun farko, ciwon mafitsara ne ya hau ƙoda. Allurar da aka yi mini jentamaisin ce, magani mai kyau a hannun wanda zai auna nauyin yaro ya kuma duba ƙodarsa, amma idan ya taru a jiki yana taɓa ƙoda da kunne. Ƙwayar kuma irin wadda ita ma take takura ƙoda ce, musamman ga wanda amai ya ƙarar masa da ruwan jiki. Mako uku na yi a kwance. Ƙodata ta farfaɗo, alhamdu lillahi, amma jin kunnena bai koma yadda yake ba har yau. Idan kun ga ina kallon bakin mai magana, dalilin ke nan.

Ban riƙe mutumin nan a zuciya ba, kuma ban ga laifin Inna ba. Shi taimako ya yi niyya, ita kuma tausayin ɗiyarta ne ya kai ta. Sai dai garin neman gira aka kusa rasa ido.

Magungunan da za a yi hattara da su

Na farko, magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen da dikilofenak. Kada a ba yaron da ake shakkar ƙodarsa sai da izinin likita. Farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda, amma shi ma da awo ake ba da shi gwargwadon nauyin yaro, kuma idan ya yi yawa hanta yake lalatawa. A lura, magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai uwa ta haɗa biyu ta ninka awo ba ta sani ba. Asfirin kuwa ba na yara ba ne, musamman lokacin mura ko ƙaranbau, domin yana iya jawo wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta.

Na biyu, allura a kemis. Ban da haɗarin maganin kansa, wanda bai ƙware ba yana iya soke babbar jijiyar ɗuwawu. Mu kuma da ba ma jin zafi a wurin, sai ƙurji ya taru ya yi ruwa ba wanda ya farga.

Na uku, kafso barkatai. Fitsarin mai amfani da roba kusan kullum ana samun ƙwayoyin cuta a ciki, kuma ba kowane lokaci ne yake bukatar magani ba idan babu zazzaɓi ko wata alama. Yawan shan kafso yana sa ƙwayoyin su saba da shi, ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi ci. Kafson nan ja da yalo da ake farkewa a zuba wa yara a koko, yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba.

Na huɗu, maganin tsayar da gudawa. Hanjinmu ba shi da kuzari, bayan gida yakan taru ya yi tauri ya toshe, sai ruwa-ruwa ya riƙa zubowa ta gefe. Uwa ta ga haka ta ce gudawa ce, ta sayo mai tsayarwa, ta ƙara toshe abin da yake a toshe.

Na biyar, duk abin da yake sa barci, irin su kodin da taramol da wasu magungunan tari. A nan ina roƙon a saurara da kyau. Yawancin masu irin ciwona mai tsanani ruwa yana taruwa musu a kai, sai a sa musu siririn bututu a ƙarƙashin fata wanda yake janye ruwan daga kai zuwa ciki. Ni Allah ya hutar da ni wannan, amma na zauna layin asibiti da masu shi shekara da shekaru. Bututun yakan toshe, kuma alamarsa ita ce ciwon kai da amai da yawan barci. Wace uwa ce a ƙasar nan za ta ga haka ba ta ce maleriya ba? Idan aka ba shi maganin maleriya da mai sa barci aka ce a bari ya huta, ana iya wayar gari babu shi. Yaro mai bututu a kai, in ya yi ciwon kai da amai, asibiti ne kai tsaye ko da tsakar dare.

Har maganin da likita ya rubuta ma sai an san halinsa. Akwai wanda ake ba mu don sassauta mafitsara, oksibutinin, yana rage gumi. A zafin watan Afrilu yaron da yake shan sa jikinsa yana iya ɗaukar zafi fiye da kima, don haka a ajiye shi a inuwa a yawaita ba shi ruwa. Daɗin daɗawa, da yawa daga cikinmu jikinmu ba ya shiri da ɗanyen roba irin na safar hannu ta asibiti da balan-balan ta yara, yakan jawo borin jini, wani lokaci har numfashi ya sarƙe. Duk inda aka je a faɗa wa ma'aikatan lafiya tun kafin su sa safa.

Kada wani ya ce wannan magana ta masu ciwon baya ce kaɗai. A shekarar 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba da ake amfani da shi a ruwan birkin mota. Bayan wannan ne aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. Duk da haka, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 da irin wannan guba. A 2022 kuma yara kusan 70 suka rasu a Gambiya ta dalilin maganin tari. Dukkansu ƙoda ce ta daina aiki. In lafiyayyun yara ba su tsira ba, ina ga wanda tasa ƙodar take da rauni? Fitowar haƙori ba cuta ba ce da za a sayo mata kwalba. Haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba balle awonsu, da na masu talla a tasha da rana ta gama dafawa a faranti.

Na san abin da za a ce

Za a ce, ke Malama, kina magana kamar ba a ƙasar nan kike ba. Asibiti da nisa, ga kuɗin mota, ga layi, ga kuɗin gwaji, mai kemis kuwa ga shi a ƙofar gida kuma yana ɗaga ƙafa. Wallahi gaskiya ne, a gidan rashi na tashi. Amma ku lissafa: kuɗin da aka guje wa kashewa a rana ɗaya, sai da aka sayar da tumakin Inna biyu kafin a sallame ni. Araha ba ta ado. Kuma ni ban ce a daina gaisawa da mai kemis ba. Cewa na yi a bar shi a matsayinsa na mai sayar da abin da aka rubuta. Abin da ba ya cin ko kwabo shi ne buɗe baki. A sami ɗan littafi a rubuta sunan ciwon yaro, da ayyukan da aka yi masa, da magungunan da yake sha, da nauyinsa, da abin da jikinsa ba ya so. Duk wanda zai ba shi ko ƙwaya ɗaya a nuna masa, a tambaye shi: wannan ba ya taɓa ƙoda? Mai kemis na kirki da ya ji haka zai ce ku wuce asibiti. Wanda ya yi fushi don an tambaye shi, to ya nuna muku ko shi wane ne.

Wasu kuma za su ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yi imani da haka, kuma da shi nake samun natsuwa duk ranar da abin ya dame ni. Amma a makarantar nan aka koya mana cewa neman magani da kiyaye sababi ba su saɓa wa tawakkali ba, kuma yaro amana ne a hannun iyayensa.

Ga ƙannena 'yan mata da ajin matan aure

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka ku matso. Kun san 'yar ƙaramar ƙwayar nan rawaya da ake bayarwa wurin awo, folik asid? A 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Ingila ya nuna cewa matan da suka taɓa samun ciki mai irin wannan lalura, idan suka sha ta tun kafin wani cikin, haɗarin maimaituwa yana raguwa da kimanin kashi 70 cikin 100. A 1992 wani binciken a ƙasar Hangari ya nuna tana kare har waɗanda ba su taɓa samu ba. Amurka ta wajabta zuba ta a garin fulawa da sauran kayan hatsi daga 1998, kuma a 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kira ga ƙasashe su ƙarfafa abinci da irin waɗannan sinadarai. Awon da ake so shi ne maikirogiram 400 kullum, a fara aƙalla wata ɗaya kafin ciki, a ci gaba har mako 12. Wadda ta taɓa haihuwar mai ciwon, likita zai rubuta mata awo mafi yawa.

Ga inda gizo yake saƙa. Mu ba ma zuwa awo sai ciki ya fito, na fari kuwa ɓoye shi ake yi saboda kunya. Ƙwayar da aka fara sha a wata na biyar tana da nata amfanin wajen jini, amma maganar rufewar baya an wuce wurin tun a watan farko. Shi ya sa nake ganin iyaye mata da suke ɗawainiyar gyaran amarya, su tsumi su kaza, su sa wannan ƙwaya a cikin lissafi tun kafin ɗaurin aure. Kuɗinta bai kai na turare ɗaya ba. A haɗa da wake da gyaɗa da alayyahu da kuɓewa, kada kuma a dafe ganye har ya mutu. Wannan ba ya nufin uwar da ta haifi irina ta yi sakaci, domin akwai wanda ko an sha yana zuwa. Kada a ƙara mata baƙin ciki da gori.

Mai farfaɗiya kuma ta yi magana da likitanta tun kafin ciki. Maganin nan falfurowet, wanda aka fi sani da Epilim, yana jawo wannan lalura ga jariri 1 zuwa 2 cikin 100 idan an sha shi da ciki, ban da wasu matsalolin. Amma kada ta kuskura ta daina sha da kanta, faɗuwa da ciki ma haɗari ce babba. Likita ne zai canja mata. Mai ciwon sukari ita ma ta daidaita shi tun da wuri.

Ga malamaina

Allah ya saka muku da alheri, da ku muka zama mutane. Roƙona kaɗan ne. Idan akwai ɗalibi irina a aji, a ba shi izinin fita na dindindin, ba sai ya ɗaga hannu a gaban kowa ba. A gyara banɗaki ya zama da ƙofa da ruwa. Kada a sa shi durƙuso ko a zaunar da shi a siminti mai zafi, kada bulala ta taɓa bayansa ko ƙafarsa. Kada malami ya ciro ƙwaya daga aljihu ya ba ɗalibi don ya ce kansa yana ciwo, a aika gida. A kuma hana tsokana. Na sha kuka a bayan aji saboda kalmar "mai fitsarin kwance".

Na daɗe ina zaton sallata ba ta karɓuwa saboda ɗigar da ba na iya riƙewa, har na fara gudun sahu. Ranar da muka kai wurin a Risala, Malam ya yi bayanin hukuncin mai yoyon fitsari, cewa shari'a ta yi masa sauƙi, an so ya sabunta alwala a kowace salla ya yi sallarsa, wanda kuma ba ya iya tsayuwa ya yi a zaune, sai na ji kamar an sauke mini dutse. Don Allah a riƙa faɗaɗa wannan babi, domin ba ku san wanda yake saurare da zuciya biyu ba. Haka batun azumi: mai raunin ƙoda yana bukatar ruwa a kai a kai, a haɗa shawarar likita da ta malami kafin a sa shi gasar azumi da tsaransa.

Ranar 25 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe don masu wannan ciwo da masu ruwan kai. Ina ba hukumar makaranta shawara ta gayyato ma'aikaciyar lafiya a irin wannan rana ta yi wa ajin matan aure bayani, a yi mata tambayoyi. Ni ma in an kira ni zan zo da sandunana in faɗi abin da na sani.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfanar da mu, inda na yi kuskure masana su gyara mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya saka wa iyayenmu da Aljanna.

Wassalamu alaikum.

Daga 'yar'uwarku, tsohuwar ɗaliba.